Takalmin Baba a Layin Alhaji Sule

Ba zan taɓa mantawa da tokar nan ba. Ita na fara gani da na shiga filin firamaren unguwarmu a Gyaɗi-Gyaɗi ranar Asabar ɗin. An zuba ta a ƙasa, layi biyu dogaye, ɗaya ya bi ta gindin darbejiya, ɗaya ya miƙe ta tsakar rana. Wanda ya zuba bai ma tankaɗe ta ba, har da guntayen gawayi da ƙayar kifi a ciki. Na ce a raina, to, yau tsere za a sa yara. Da na ɗaga kai ko sau ɗaya, da na gane ba tsere ba ne. Sai dai ni ɗaga kai ba ya cikin halina.

Gara in faɗa muku tun yanzu, ni kunya gare ni, irin wadda ko malama ta kira sunana a aji sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Idan ina tafiya, idona yana ƙasa. Saboda haka rabin mutanen unguwarmu ban san fuskarsu sosai ba, ƙafarsu na sani. Liman silifas ɗinsa ba launi ɗaya ba ne. Mai kantin bakin layi yana take bayan takalminsa kamar yana fushi da shi. Malam Bitrus, malamin lissafin firamare, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinmu, shi kaɗai ke sa safa ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. (Umma ta ce ranar da aka tashi yi min aure, takalmin mijin za a kawo min in duba, ba shi ba.)

A cikin duk takalman duniya kuwa babu wanda na sani kamar na Baba, tunda ni ke goge shi kullum. Ruwan ƙasa ne, mai maɗauri a baya. Maɗaurin dama ya taɓa tsinkewa, mai gyara ya ɗinke da baƙin zare don ba shi da ruwan ƙasa. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya. Ko a ƙofar masallacin Juma'a aka jefa shi zan tsamo shi.

Baba shi ne shugaban kwamitin raya unguwarmu. Karon farko ba a sha wahala ba: dattawa suka tsaya bayan sallar La'asar, aka ce wa ya yarda, aka ɗaga hannu, aka shafa fatiha. To amma shekarar nan sojoji sun koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, ko'ina ka juya maganar zaɓe ake. Samarin unguwa suka ce su ma ba za a ƙara naɗa musu shugaba a kan tabarma ba. Zaɓe za a yi, maza da mata, duk wanda ya kai sha takwas. Baba ya ce ya ji ya gani, zai sake tsayawa. Alhaji Sule mai gidan bulo ya ce shi ma ya fito.

Abin da ya hana Baba barci shi ne kwalbatin bakin layinmu. An haƙa, an gina gefe ɗaya, ɗayan gefen yana nan baki buɗe da katako biyu a kai. Duk damina ruwan da ya gangaro daga titi nan yake taruwa, ya yi shawara, sannan ya shigo gidajenmu. (Ni ke kwashe na ɗakin Umma da tsohon kwano, don haka kar wani ya ce ba ruwana da siyasa.) Alhaji Sule kuwa ya ce kwalbati ba ya gudu, a fara zuba jar ƙasa a hanyar da motoci ke bi. Kowa ya san wace hanya ce, kuma kowa ya san motocin wa ke bin ta. Idan Baba ya faɗi, ramin nan haka zai kwana ya tashi har wata daminar.

Sati guda Baba yana gwada jawabinsa a tsakar gida, Umma tana shayar da jaririyarmu tana saurare.

“Ni ban taɓa ba wa wani ko allura don ya zaɓe ni ba,” in ji shi, yana nuna igiyar shanya da yatsa. “Aikina ya ishe ni shaida.”

“To Malam, ka rage murya, igiyar ta riga ta yarda,” in ji Umma.

Ranar zaɓen tun da ya fita sallar Asuba bai dawo ba, ko ruwa bai sha ba. Umma tana jego, ba halin fita. Da rana ta ɗaga ta dama fura a kwanon sha mai murfi, ta ce in kai masa kafin jiri ya kayar da shi a gaban abokan hamayya. Hijabina yana kan igiya a jiƙe, sai ta miƙo min mayafinta ruwan goro mai bakin azurfa, wanda duk matan unguwa suka sani, don ba sunan da bai je ba. Ni kuma Allah ya yi ni doguwa. Da na yafa shi sai na koma wata ƙaramar Hajiya.

Babu wanda ya gaya min yadda za a yi zaɓen. Ni a tunanina akwati za a kawo a dangwala yatsa, irin wanda aka yi na gwamna. Ashe kwamiti ba shi da akwati. Ɗan takara zai tsaya a gaba, masu son sa su jeru a bayansa a kan toka, a ƙirga kawuna, shi ke nan.

Na shiga ta ƙaramar ƙofar baya, na fara aikin da na iya, wato duban ƙafafu. Ban yi nisa ba sai ga shi a ƙarshen layin inuwa: ruwan ƙasa, baƙin zare a dama, dunduniyar hagu a cinye. Mai shi yana sanye da farar riga kamar sauran mazan wajen, ya ba ni baya, yana magana da na gabansa. Na matsa na ɗan rusuna na ce, “Baba, ga shi in ji Umma.” Ni kaina da ƙyar na ji abin da na faɗa. Bai juyo ba. To, ba a katse babba yana magana. Na gyara riƙon kwano na tsaya a bayansa, ƙafafuna a kan toka, ina jira ya gama.

Ina nan tsaye matan unguwa suka fara shigowa, sun sauke tukunya sun taho a tare. Wadda ke gaba ita ce Iya Tabawa, tsohuwar ungozoma, wadda kusan duk yaran layinmu a hannunta suka faɗo, kuma Allah bai ba ta ƙaramar murya ba.

“Au, ke ce? Na hango mayafi na ce yau uwarki ta tsallake jego. Malam yana nan?”

Na gyaɗa kai, na nuna gabana da haɓa.

“Alhamdu lillahi, ashe ma inuwa ya samar mana. Ku taho nan, ga 'yar Malam.”

Suka taho. Matan layinmu, da na bayan masallaci, da Maman Rifkatu maƙwabciyarmu da 'yan cocinsu, duk waɗanda ruwa ke shiga ɗakunansu. Su ma ba wadda ta tsaya leƙen fuskar maza. Sun ga mayafin gidan Malam, magana ta ƙare. Na ji layi yana ta tsawo a bayana, har na ɗan ji daɗi, don sun kare ni daga idon mutane.

Can aka busa usur, wasu samari suka ja igiya suka rufe bayan layukan. Sai na ji muryar Malam Bitrus a lasifikar hannu, wadda aka aro wajen mai tallan maganin gargajiya. Shi aka ba ƙirga, don duka ɓangarorin sun yarda ba ya cin tuwon kowa. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, an rufe, wanda ya motsa ya ɓata ƙuri'arsa.

Ƙuri'a? Na ƙara duban takalmin, wannan karon da kyau. Takalmin dai shi ne. Amma dunduniyar da ke ciki ta leƙo waje ta baya, ga faso kamar bakin tafki a bazara, ga baƙin mai a gefen farce. Baba kuwa duk dare sai ya shafa wa ƙafarsa man kaɗanya, Umma tana yi masa tsiya. Wannan ƙafa ba ta taɓa ganin man kaɗanya ba.

Na ɗaga kai a hankali. Ƙeyar Malam Iro mai faci ce. Na leƙa gaba can, sai ga Alhaji Sule a kan layinmu, yana gyara babbar riga yana murmushi. Na juya dama. Ga Baba a tsakar rana, gumi yana bin wuyansa, da ɗan layinsa na maza a baya, ƙafarsa cikin wani sabon baƙin takalmi mai ƙyalli da ban taɓa gani ba.

Mai hankali a nan zai yi magana. Ni sai na ƙanƙame kwano na ja mayafi na rufe rabin fuska, ina addu'ar Allah ya sa ƙasa ta tsage daidai tsawona.

Malam Bitrus ya gama da layin rana, ya dawo namu. Yana tafe yana ɗora rula a kafaɗar kowa yana ƙirgawa a lasifika. Na ga safarsa tana matsowa. Ya taɓa Malam Iro, ya taɓa ni, ya wuce, ya bi matan nan kaf har ƙarshe. Kafin ya faɗi sakamako yaran Alhaji Sule sun fara tsalle, don ko makaho ya san layin da ya fi. Ɗaya daga cikinsu ne ya gane ni.

“Kai jama'a, ku zo ku gani. 'Yar Malam ce a layinmu.”

“Wallahi ita ce. Har da fura ta kawo wa Alhaji.”

“Malam, gida ma ya ƙi ka, sai haƙuri.”

Iya Tabawa ta dafa kafaɗata ta juyo da ni kamar tana duba tulu a kasuwa. “Ke, layin wa muke?”

Maman Rifkatu ta leƙa gaba, ta dawo ta riƙe baki. “Iya, Alhaji Sule muka zaɓa.”

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara muku shi ba. Matan suka yi ca, suna neman tsallake igiya, samarin Alhaji suna tarewa suna cewa an riga an ƙirga. Baba ya taho da sabon takalminsa yana ɗan ɗingishi (ashe yana matsa masa), Alhaji Sule ma ya taho. Aka yi da'ira, ni a tsakiya da kwanon fura.

Malam Bitrus ya sunkuyo ya ce, “'Yata, kar ki ji tsoro. Wa ya sa ki tsaya a nan?”

Na buɗe baki na yi magana can ƙasa-ƙasa yadda na saba. Abin da ban lura ba shi ne lasifikar tana rataye a hannunsa daidai bakina, kuma bai kashe ba. Muryata, wadda ko 'yar bencinmu a aji ba ta cika ji ba, ta karaɗe filin nan har bakin titi:

“Takalmin Baba na biyo.”

Nan take duk filin ya koma irina, kowa ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa. Idanu suka bi ƙafa-ƙafa har suka tsaya a kan Malam Iro, wanda ke ƙoƙarin ɓoye ƙafa ɗaya a bayan ɗaya.

“Iro,” in ji Baba a hankali, “ba ɗazu da asuba na ba ka takalmin nan a ƙofar masallaci ba?”

“An yi haka, Malam. Allah ya saka da alheri, ya yi min daidai.”

“Shi ne ka taka shi ka zo nan?”

Malam Iro ya sosa ƙeya. “Malam, ka yi min adalci. Takalmi naka ne, ɗakin da nake haya na Alhaji ne. Yana tsaye yana kallon layi. In ya kore ni, a cikin takalmin zan kwana?”

Dariyar da aka yi har da Liman. Alhaji Sule ya tafa hannu ya ce, “Ashe dai ana ba da allura, Malam. Har da mai maɗauri.”

“Sadaka ce,” in ji Baba, yana duban wani waje.

“Ranar zaɓe da asuba? Allah ya karɓa.”

Daga nan rigima ta koma kan doka. Mutanen Baba suka ce an ƙirga yarinya, don haka ƙirgan ya ɓaci, a sake. Mutanen Alhaji suka ce wace yarinya, wannan da ta fi wasu matan auren tsawo? Ta kai, ta zaɓa, waɗanda suka bi ta kuma ba wanda ya ja su da igiya. Malam Bitrus ya ɗaga rula ya yanke: idan na kai sha takwas, ƙirga ya zauna, Alhaji ya ci. Idan ban kai ba, za a sake daga farko. Baba ya ce sha huɗu nake. Aka ce ɗan takara ba ya shaida a kan ƙuri'arsa.

Wato kwalbatin unguwa guda ya dawo ya rataya a kan shekaruna, kuma maza sun kewaye ni suna kimanta ni da ido kamar ragon layya. Wani ya ce a duba haƙorana. Na ɗauka ƙarshen kunya ke nan. Ashe ba a fara ba.

Iya Tabawa ta ture mutane ta shigo, ta fizge lasifikar daga hannun Malam Bitrus, ita da ba ta buƙatar ta.

“Wace ce ta kai sha takwas? Wannan? Ni na yanke mata cibiya. Daminar da katangar gidana ta faɗi aka haife ta, sati ɗaya da jikana Habu. Ina Habu? Zo nan, ɗan nema.”

Aka turo Habu daga cikin 'yan kallo, da gajeren wando da rake a hannu. Ta tsayar da shi a gefena. Kansa bai wuce kafaɗata ba.

“To ku gani. Tsawo ne kawai, na dangin uwarta. Da aka haife ta ba gashi ko ɗaya a kanta, kamar ƙwai. Ga cibiya kamar goriba, sai da muka yi wata muna ɗaure ta da tsumma. Ranar suna kuwa, Malam ya ɗauke ta da sabuwar shaddarsa, ta yi masa wanka tun daga ƙirji har gwiwa. Malam, ƙarya nake?”

“Iya, ya isa haka,” in ji Baba.

“Bai isa ba, shaida nake bayarwa. Kuma ba ta daina fitsarin kwance ba sai da...”

Malam Bitrus, Allah ya yi masa albarka, ya kashe lasifikar. Sai dai na riga na gaya muku, Iya ba ta buƙatar ta. Ta ƙarasa maganar, kowa ya ji, har da 'yan ajinmu biyu da ke kan katanga.

Alhaji Sule da kansa yana share hawayen dariya ya ce a sake, shi ba zai ci zaɓe a kan cibiyar yarinya ba. Aka kwance igiya. Matan nan suka kwashi zannuwansu suka bar inuwa suka koma rana bayan Baba, suna tafe suna harara ta. Malam Iro bai motsa ba, ya tsaya a layin mai gidansa cikin takalmin Baba, kansa a ƙasa. Ni aka zaunar da ni a kan dakalin aji tare da Habu, wanda ya miƙo min guntun rake don tausayi. Da aka sake ƙirgawa Baba ya wuce, ba da rata mai yawa ba, amma ya wuce.

Sai da mutane suka fara watsewa ya zo inda nake. Na miƙa masa kwanon da hannu biyu. Ya buɗe, furar ta yi ɗumi ta fara tsami. Ya shanye tas, ya goge baki, ya cire sabon takalmin ya riƙe a hannu don ya yi masa kanta.

“Tashi mu tafi gida, shugabar 'yan adawa,” in ji shi.

Sunan nan ya bi ni. A gida shi ne, a makaranta shi ne, mai kanti ma in na je sayen magi sai ya ce me adawa ke buƙata. An ƙarasa kwalbatin kafin ruwa ya sauka, kuma duk wanda ya taka shi ya gan ni sai ya yi murmushi. Abin da na koya dai shi ne, a zamanin siyasa kar ka yarda da mutum daga idon sawu zuwa ƙasa. Yanzu nakan ɗaga kai in kai har wajen haɓa, in ga gemun da na sani, sannan in yi magana.

Wanda ya gagare ni shi ne Iya Tabawa. Ta mayar da labarin abin buɗe taro. Duk gidan suna, duk gidan biki, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Babban Giji inda 'yarta ke aure, sai ta ba da shi, kuma kullum ƙara masa take. Da na ji an ce ta kai shi gidan su shugabar ɗalibanmu, na ga zama bai gan ni ba. Na sayi goro da kuɗin tarana na makaranta, na je na same ta tana tsinke zogale a tsakar gida. Na durƙusa, na ajiye goron, na daure na dube ta ido cikin ido.

“Lafiya, 'yar adawa?”

Na ce, “Iya, ba hana ki na zo yi ba. Ki ba da na takalmin, ki ba da na furar, har Habu ki sa in kina so. Amma don girman Allah, in kin zo wajen cibiya, ki tsaya a nan.”